Adireshi Biyu a Kan Layi Ɗaya: Yadda Muka Zaunar da IPv6 Kusa da IPv4

Ba sha'awar sabon abu ce ta kai mu ga IPv6, sabon tsarin ba na'urori adireshi a intanet, ba, matsi ne. Kamfanin samar da intanet da nake yi wa aiki ya kai inda kwastomomi ke ƙaruwa kullum, adireshin IPv4 kuwa, wato na tsohon tsarin, ko ɗaya ba ya ƙaruwa. Mun daɗe da cusa mutane a bayan na'urar CGNAT, wato gidaje da dama su fita duniya da adireshi guda, a ciki kuma kowa yana riƙe da nasa daga kason 100.64.0.0/10 da aka ware don wannan dabara a 2012. Dabarar ta yi mana rana, amma ta fara tsufa a hannunmu. Mai kamarar tsaro ya kira ya ce ba ya iya leƙa gidansa in yana waje. Masu wasan gem su ce ba sa iya haɗuwa da abokan wasansu. Wani kuma shafuka su dame shi da ya tabbatar shi mutum ne, alhali laifin na wani ne can da bai taɓa gani ba, wanda suke tarayya a adireshi ɗaya. Na'urar kanta da yamma sai ta cika fal, mu zauna muna kallon ta kamar masu jinya.

Ba mu da wanda za mu kai wa ƙara. IPv4 da aka rubuta ƙa'idarsa a 1981 bit 32 ne, adireshi kimanin biliyan 4.3 ke nan, kuma tun ranar 3 ga Fabrairu 2011 IANA, hukumar da ke riƙe da babban rumbun adireshin duniya, ta raba manyan kaso biyar na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin rajista biyar na yankunan duniya. A cikinsu, APNIC ta yankin Asiya ta taɓo ƙasan rumbunta a watan Afrilun shekarar, ARIN ta Arewacin Amurka ta ƙare a 2015, RIPE NCC ta yankin Turai ta ba da na ƙarshe a Nuwamban 2019. Maganin kuwa yana ajiye tun 1998, mu ne dai muka yi ta cewa sai gobe.

Ranar da na kai wa maigidanmu tsarin, tambaya ɗaya ya yi mini: "To Malam, in mun kunna sabon, yaushe za mu kashe tsohon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kashewa za mu yi ba. Tare za su zauna."

Na yi masa bayani cewa IPv4 da IPv6 ba sa jin yaren juna. Na'urar da ke da sabon kaɗai ba za ta iya magana da mai tsohon kaɗai ba sai an sa tafinta a tsakani. Abin da ake kira duwal-stak shi ne kowace rauta (na'urar da ke nuna wa bayanai hanya), kowace saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da sauran hidimomi), kowane gida ya riƙe adireshi iri biyu a lokaci guda, a kan waya ɗaya, na'urar mutum ta zaɓi wanda za ta bi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "An ce taura biyu ba ta taunuwa." Na yi dariya na ce tamu za ta taunu. Da na san yawan lokutan da maganar nan za ta dawo mini a watannin da suka biyo, da ban yi saurin dariya ba.

Neman kaso shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Muka cike takardun hukumar rajista ta yankinmu, muka nuna yadda za mu yi amfani da shi, aka ba mu /32 (lambar bayan sandar ce ke nuna girman kaso, in ta yi ƙasa kason ya fi girma), wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake ba kamfani irin namu. A nan na fara gane cewa matsalata ta farko a kaina take. Shekaru na yi ina tsimin adireshi, ina yanka kaso ƙanana ƙanana kada guda biyu su tafi a banza, har tsimin ya zama ɗabi'a. Na zauna na tsara cewa kowane gida /64 ya ishe shi, tunda a cikin /64 guda akwai adireshin da ya ninka na IPv4 gaba ɗaya sau fiye da biliyan huɗu.

Wata matashiyar injiniya da ba ta daɗe da zuwa wurinmu ba ta duba takardar ta ce, "Oga, wannan lissafin IPv4 ne ka yi da lambobin IPv6." Ta fi ni gaskiya. A IPv6 ba adireshi ake ƙirgawa ba, ƙananan cibiyoyi ake ƙirgawa, kuma kowace cibiya /64 cikakke take buƙata kafin na'urori su iya ƙirƙirar wa kansu adireshi ta hanyar SLAAC. In ka ba gida /64 ɗaya, ka hana shi ware layin baƙi daban, ka hana shi sa rauta ta biyu a bayan ta farko. Muka koma kan /56 ga gidaje, wato cibiyoyi 256 kowane gida, /48 kuma ga ma'aikatu. Na sake lissafi don hankalina ya kwanta: a cikin /32 akwai /56 sama da miliyan 16, ko /48 guda 65,536. Duk da haka sai da hannuna ya yi nauyi ranar da na fara rabawa.

Shawara ɗaya da na bi kuma ban yi nadama ba ita ce yanka kaso a kan iyakar bit huɗu huɗu: /36, /40, /44, /48. Da yake ana rubuta adireshin da ƙidayar sha shida, kowane harafi bit huɗu ne, don haka in ka yanka a nan, da ido kawai za ka kalli adireshi ka ce wannan na shiyya kaza ne, wannan na kayan aikinmu ne, wannan na kwastoma ne. Ƙarfe biyu na dare, ido na yaji, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Tsakiyar cibiya ba ta ba mu wahala sosai ba. OSPF shi ne tsarin da rautocinmu ke gaya wa juna hanyoyi, kuma wanda muke amfani da shi, wato na biyu, ba ya ɗaukar IPv6, sai muka kunna OSPFv3 a gefensa, kowa da teburinsa. Tsakanin rauta da rauta muka sa /127, kaso mai adireshi biyu kacal. Abin da ya rikita samarin namu a makon farko shi ne ganin hanyoyi suna nuna adireshin da ya fara da fe80 a matsayin zango na gaba, adireshin da ba ya wuce layin da yake kai, har wani ya zo ya ce mini saitin ya lalace. Bai lalace ba, haka abin yake. A waje kuma muka buɗe zaman BGP na biyu, wato na musayar hanyoyi tsakanin kamfani da kamfani, da kamfanonin da muke sayen hanya a wurinsu, muka yi rajistar route6 mai nuna mu ke sanar da kason, muka sa hannu a ROA, shaidar izinin sanar da shi, don masu tantancewa da tsarin RPKI su tabbatar sanarwar tamu ce. Ɗaya daga cikinsu ya gama mana cikin kwana biyu. Ɗayan sai da muka yi ta bibiya makonni, har na fara zargin mu ne na farko da muka taɓa tambayarsu. Daren da ping, ɗan saƙon gwajin da ake aikawa a ga ko amsa za ta dawo, ya fara dawowa daga wata saba a wata nahiya ta IPv6, mun yi murna kamar an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Kwana uku bayan haka, ina duba rajistar shiga ta babbar rautarmu ta kan iyaka, sai gabana ya faɗi. Ƙofar SSH da muke shiga mu sarrafa na'urar, wadda muka killace shekaru da jerin adireshin da aka yarda da su, a buɗe take ga duk duniya ta ɓangaren IPv6. Jerin namu na IPv4 ne kawai. Na'urar ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta yi: ta tsare ƙofar gaba, ta baya kuwa ba wanda ya ce mata akwai ta. Allah ya rufa asiri ba wanda ya shiga. A daren muka bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, SSH, SNMP, shafin sarrafawa, duk inda akwai katanga a tsohon muka gina irinta a sabon. Masu cewa faɗin IPv6 ya sa ba mai iya gano na'urarka, ban yarda da su ba. Adireshin rauta yana fitowa a duk traceroute, gwajin da ke jero zangon da saƙo ya bi, kuma mu injiniyoyi da son sauƙi, mukan ƙare adireshin da ::1.

Wannan tsoron ne ya jefa ni cikin kuskuren da ya fi ci mini lokaci, zan zo kansa.

Ɓangaren kwastoma shi ne ainihin aikin. Layukanmu PPPoE ne, wato akwatin gida sai ya gabatar da asusunsa kafin ya haɗu da mu, don haka sai da muka koya wa sabar RADIUS mai tantance asusun sababbin bayanai, musamman Delegated-IPv6-Prefix, wanda ke gaya wa rautar shiyya kason da za ta miƙa wa akwatin gidan mutum ta DHCPv6-PD. Akwatin ya karɓi /56, ya ciri /64 ɗaya ya shelanta a cikin gida, wayoyi da kwamfutoci su ɗauka. A takarda ke nan. A zahiri kuwa akwatunan da muka raba wa mutane cikin shekaru iri iri ne. Wasu suka karɓa ba gardama. Wasu sai an sabunta manhajar cikinsu. Wasu a jikin kwalinsu an rubuta suna ɗaukar IPv6, amma in sun karɓi kaso sai su riƙe shi su ƙi rabawa. Wani iri kuma yana aiki lafiya, sai dai ba shi da katangar tsaro ta IPv6 ko kaɗan, wanda ke nufin duk firinta da kamarar da a da NAT, dabarar fitar da na'urorin gida da adireshi guda, ke ɓoye su ba da niyya ba, yanzu suna tsaye a bakin titi. Irin waɗannan ba mu kunna musu ba sai da aka canja su. Mun kuma koyi cewa wayoyin Android ba sa karɓar adireshi ta DHCPv6 irin yadda kwamfuta ke yi, SLAAC suke bi, don haka dole akwatin ya saka adireshin sabar DNS, mai mai da sunan shafi adireshi, a cikin shelarsa.

Da gidajen ma'aikatanmu muka fara gwaji, don in abu ya ɓaci mu za a zaga a gida ba a ofis ba. Mako biyu lafiya lau. Muka buɗe wa shiyya ɗaya.

Sai ƙorafi ya fara shigowa, irin wanda ba ya kama hannu. Shafi kaza yana fara buɗewa sai ya tsaya yana juyi. Wani shafin lafiya. Bidiyo na tafiya, amma shafin wata ma'aikata ya ƙi. Mu yi ping, amsa ta dawo. Mu yi traceroute, hanya ta kai har ƙarshe. Masu amsa kira suka gano da kansu cewa in an kashe IPv6 a akwatin mutum komai na warwarewa, suka mai da shi maganin kowace cuta. Na san in na bar wannan ya zauna, cikin wata guda za su kashe duk abin da muka gina, gida gida.

Kwana huɗu muna nema. A ƙarshe na zauna da manhajar Wireshark a kan layin gwaji ina kallon fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke wucewa. Gaisuwar farko ta TCP, wadda na'ura da saba ke yi kafin su fara magana, tana wucewa, domin ƙananan fakiti ne. Da zarar saba ta fara turo takardar shaidarta ta TLS, wadda ke cika fakiti, sai shiru. A nan na gane, na kuma ji kunya, domin da hannuna na yi.

Ga yadda abin yake. Layin Ethernet na ɗaukar fakiti mai bait 1500, amma PPPoE na cin bait 8, saura 1492. A IPv4, rauta na iya farfasa fakitin da ya yi girma in mai aikowa bai hana ba, kuma mu tun da daɗewa mun daddatse MSS, wato iyakar kayan da fakitin TCP zai ɗauka, a 1452 har mun manta mun yi. A IPv6 rautar kan hanya ba ta farfasa komai. In fakiti ya fi ƙarfin layi, sai ta jefar da shi ta aika wa mai turowa saƙon ICMPv6 nau'i na 2, ma'ana ya yi girma, rage. Ni kuwa a daren da na firgita da maganar SSH, na kwafo tsohuwar ɗabi'armu ta toshe ICMP, wato irin waɗannan saƙonnin sanarwa, na liƙa a kan iyaka. Da na toshe duka, zaman BGP ya faɗi nan take, domin a IPv6 babu ARP, hanyar da maƙwabta ke gano juna a IPv4, da ICMPv6 suke yi. Sai na buɗe nau'i na 133 zuwa 136, na gano maƙwabtan, na buɗe na ping, na ga komai ya tashi, na tafi na kwanta ina ganin na yi dabara. Nau'i na 2 yana nan a toshe. Rautarmu tana ta ihu tana cewa a rage, katangar da na gina tana haɗiye ihun, sabar can kuma tana ta sake turo fakitin da ba zai taɓa wucewa ba. Shafukan da ke turo ƙananan fakiti ne kaɗai suka tsira.

Gyaran bai kai minti goma ba. Na buɗe saƙonnin kuskure na ICMPv6 kamar yadda RFC 4890 ta tsara, takardar da ya kamata in karanta kafin in taɓa katangar, muka kuma daddatse MSS na IPv6 a 1432, tunda kan fakitinsa bait 40 ne ba 20 ba. Abin da ya fi gyaran wuya shi ne bin gidajen da aka kashe wa IPv6 a sake kunnawa, da shawo kan masu amsa kira su daina wannan magani.

Amma wannan matsalar, duk da zafinta, tana da kirki ɗaya: ta yi ƙara. Wadda ta fi ba ni tsoro ba ta yi ko tari ba.

Bayan wata biyu, matashiyar nan ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Oga, nauyin CGNAT ya hau, kuma ba mu ƙara mutane ba." Muka bi sawu. Ashe an sabunta manhajar wata rautar shiyya, layi ɗaya na saiti ya ɓace, wanda ke shigar da kason kwastomomi cikin OSPFv3. Akwatunan gidaje na karɓar kasonsu daidai, wayoyi na da adireshin IPv6, fakiti na fita, amma amsa ba ta san hanyar dawowa ba. Shiyya guda cur, fiye da mako ɗaya, IPv6 a mace. Ba wanda ya kira. Ko mutum ɗaya.

Dalili shi ne wata dabara da ke cikin burauza da wayoyin zamani, Happy Eyeballs, da aka fara rubutawa a 2012 aka sabunta a 2017. Na'ura na tambayar DNS adireshi iri biyu, A na IPv4 da AAAA na IPv6, ta fara gwada IPv6, in ba ta ji amsa ba cikin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa sai ta bi IPv4, mai wayar bai ma lura ba. Ga kwastoma rahama ce. Ga mai kula da cibiya kuwa makanta ce, domin ƙorafin mutane, wanda shi ne ƙararrawar da muka saba dogara da ita ko ba mu faɗa ba, an cire mata batir. Matsalar girman fakitin nan, wato MTU, ta fito fili ne kawai don gaisuwar farko na wucewa, dabarar ta ɗauka hanya lafiya take. Duk lalacewar da ta hana gaisuwar tun farko, rufe ta ake yi. Na'urar sa idonmu kuma duk tsawon makon kore shar take nunawa, saboda ta IPv4 kaɗai take tambayar kowa lafiyarsa.

Daga nan na daina kallon aikin a matsayin ƙara wani saiti a kan cibiyarmu. Cibiyoyi biyu ne muke gudanarwa, sun dai haɗa waya da wuta. Muka ninka duk gwajin sa ido, kowace na'ura a tambaye ta ta hanya biyu. Muka ajiye ƙananan kwamfutoci a bayan akwati irin na kwastoma a kowace shiyya, waɗanda IPv6 kaɗai suke da shi, ba su da wurin gudu, suna jawo babban fayil lokaci lokaci don a gwada manyan fakiti ba ping kawai ba. Muka raba jadawalin zirga-zirga gida biyu, in layin IPv6 na wata shiyya ya kwanta ƙasa, ƙararrawa ta buga ko da jimillar ba ta motsa ba. A takardar da ake cikewa kafin a taɓa kowane saiti muka ƙara tambaya ɗaya: an yi wa ɗayan?

Sauran ƙananan abubuwa suka yi ta ɓullowa daga inda ba a zata ba. Manhajar lissafin kwastomomi tana da gurbin adireshi mai harafi 15, daidai tsawon IPv4, na IPv6 kuwa yana iya kai 39, sai ta riƙa gutsure shi. Sabar wasiƙunmu ta fara fita ta IPv6 ba tare da an yi mata rajistar juyi a ip6.arpa ba, wato wadda ake gano suna daga adireshi, wasu manyan masu karɓa suka riƙa mayar mana da saƙonni. Karanta adireshi ta waya ya zama abin dariya tsakanin masu amsa kira da kwastomomi, har muka haƙura muka ce a riƙa turo hoton allo. Sannan maganar canjin kaso: da farko duk sanda akwati ya mutu ya tashi, sabon /56 muke ba shi, kamar yadda muka saba da IPv4. Amma in wuta ta ɗauke ta dawo, wayoyin gidan na nan riƙe da tsohon adireshin da wa'adinsa bai ƙare ba, suna ta ƙoƙarin fita da shi. Muka ɗaure kowane kaso da asusun mai shi a RADIUS, ya zama nasa muddin yana tare da mu. Wannan ya kuma sauƙaƙa mana amsa tambayar wane ne ke riƙe da adireshi kaza, wadda a CGNAT sai an haɗa adireshi da lambar ƙofa da daƙiƙar da abin ya faru kafin a sani.

Riba ta zo, kuma ta inda muka fi buƙata. Google da YouTube da Facebook da Netflix duk suna kan IPv6, su ne kuma suka fi cin layi da yamma. Duk gidan da muka kunna wa, wannan kaya mai nauyi sai ya bi sabuwar hanya kai tsaye, bai ko leƙa CGNAT ba. Na'urar da muke jinya ta samu numfashi, sabuwar da aka yi niyyar saya aka ɗage. Mai kamarar tsaro ma ya samu hanyar leƙa gidansa, in dai layin da yake kai a waje yana da IPv6.

Abin da bai faru ba shi ne raguwar buƙatarmu ga IPv4. Kowane sabon kwastoma har yanzu sai mun ba shi tsohon adireshi, ko da na bayan CGNAT ne, domin bankinsa ko tsohuwar talabijin ɗinsa ba su san da sabon ba. Maigidan ya sake kirana bayan an rufe shekara, jadawalin na gabansa, ya maimaita tambayarsa ta farko. Na ce masa akwai hanyoyin da ake mai da layin kwastoma IPv6 zalla, a ɗauko IPv4 a kansa kamar fasinja: DS-Lite, ko MAP-T, ko 464XLAT da kamfanonin wayar salula da dama ke amfani da shi tare da NAT64. Amma kowannensu sai akwatin gida ya iya, kuma ya san irin akwatunan da muke da su a waje.

Ya ce, "Nawa ne daga ciki za su iya?"

Na ce sai na ƙirga. Ya ce in ƙirga. Matashiyar nan ta riga ta fara jera su iri iri a kan teburin gwaji, goma sha wani abu, kowanne da igiyarsa, kuma na uku a layin ya riga ya ƙi tashi.